Na Sama Da Na Ƙasa: Nawa Ne Ladan Mai Riƙe Igiya?

Da zarar watan Mayu ya kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, akwai sana'ar da kasuwarta ke buɗewa a Talatar Mafara, Bakura da Maradun: saran rassan itace a cikin gari. Iskar farkon damina ba ta da ta-ido. Dogon yaron da ya shekara yana ba maigida inuwa a ƙofar gida, a dare ɗaya sai ya saki reshe a kan kwano, ko ya tsinka wayar lantarki, ko ya danne katangar maƙwabci a wayi gari ana gaban alƙali. Don haka duk mai hankali yakan nemi masu sara tun kafin ruwa ya sauka. Makarantu na nema, masallatai na nema, masu lambun mangwaro ma haka.

In suka zo, da wuya ka ga mutum ɗaya. Akwai ubangidan tafiyar, shi ne mai injin yanka in akwai inji, kuma da shi ake yin jinga. Akwai mai hawa. Sannan akwai samari biyu ko uku da ke tsayawa a gindin bishiya da igiya da adda. Jama'ar unguwa su taru, kowa ya ɗaga kai sama, yara na ihu duk sa'ad da reshe ya yi ƙara ya fado. Mu da aikinmu kallon fim ne mun san wannan tsarin sarai: kyamara tana kan jarumi, sauran kuwa ko a fosta ba za ka gan su ba.

Tambayar da nake son mu tauna da mai karatu ita ce: in an gama an karɓi kuɗin jinga, yaya ya kamata a raba su? Kuma me ya sa kusan kowa ya yarda cewa na ƙasa da ɗan koyo abin da ya samu shi ne rabonsu, ba abin da suka cancanta ba?

Bari mu fara da abin da na ƙasan yake yi, domin a nan aka fi raina aikin. Babban reshe ɗanye da ke saman ɗaki ba a sare shi a sake shi haka nan. Sai an ɗaura masa igiya, an rataya ta a wani reshen da ya fi shi tsawo, na ƙasa ya riƙe ɗaya bakin, ya ɗan naɗa ta a gindin bishiya don ta rage masa nauyi. Lokacin da gatari ya cinye reshen, duk nauyinsa kan dawo hannun yaron nan a cikin ƙiftawar ido. In ya sassauta da wuri, kwano ya tafi. In ya riƙe gam-gam, reshen ya yi lilo ya dawo ya doki mai hawa, ko igiyar ta fizge shi ta saɓule masa fatar tafin hannu. Shi ne ke kore yara, shi ne ke tsayar da mai babur, shi ne idon na sama a kan wayar wuta, don wanda ke cikin ganye ba ya ganin bayansa. Bayan haka sai aikin da ba mai tsayawa kallo: datsa rassa, ware gungume da ƙirare, lodi a amalanke ko kura, share tsakar gida. Mai hawa ya sauko ya sha ruwa yana fifita da hula, na ƙasa yanzu ma ya fara. Kuma duk abin da ya kuɓuce daga sama, reshe ne, gatari ne, ko shi mai hawan kansa, a kan na ƙasa zai sauka.

Shi kuwa ɗan koyon hawa, nasa ya fi ban tausayi. Gwani ya san inda zai tsaya. Yakan zauna a babbar mararraba mai ƙwari ya yi aikinsa. To wa ake turawa can ƙololuwa, inda reshe bai fi kaurin damtse ba? Yaron, domin wai shi ne mara nauyi. Can ne gidan rina yake, can ne zuma ke kafa saƙa, can ne busasshen reshen da ke kama da mai rai har sai ka taka shi. In gawo ne, ga ƙaya. In kuka ce, ga santsi da faɗin da hannu ba ya zagayewa. Wato wanda ya fi kowa ƙarancin sani shi ne a wurin da ya fi ko'ina haɗari, kuma da yamma shi ne mai ƙaramin kaso. In ka tambayi dalili, amsar a shirye take, da harshenmu na nan: "Mi za a ba shi? Ai koyo shikai."

Ba zan zalunci ubangidan ba, domin yana da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Shi ya sayi inji da kuɗinsa. Shi ke sayen sarƙa da baƙin mai da fetur, fetur ɗin da kafin 29 ga Mayu, 2023 bai kai naira 200 lita ba, amma cikin 2024 ya haura naira 1,000 a wurare da dama. In reshe ya fasa rufin mutum, ba yaron igiya za a kama ba, shi za a kama. Shi aka sani, sunansa ya kawo aikin. Ranar da babu aiki ma yaran nan a ƙofar gidansa suke karyawa, in ɗayansu zai yi aure ko suna shi ne kan gaba. Sannan sau da yawa ba kuɗi ake ba shi ba sam. Maigida ya ce "sare ka kwashe icen," sai ya jira ya bushe, a faskara, masu gidan burodi ko masu tuwo su saya. Kuma gaskiya ne sana'a dukiya ce. Wanda ya nuna maka inda za ka fara sara daga ƙasan reshe kafin ka koma samansa don kada ya tsage ya ja ka, ya ba ka abin da za ka ci abinci da shi shekara talatin. Duk na yarda da wannan. Mai jari da mai ƙwarewa su fi kowa kaso, ban ga aibinsa ba, kuma wanda ya ce a raba daidai wa daida bai taɓa sayen sarƙar inji ba.

Inda muka rabu da shi shi ne a kan abubuwa biyun da yake haɗawa wuri ɗaya alhali ba ɗaya ba ne. Abin da ake biya a irin wannan aiki ya haɗa da gwaninta, da gumi, da kasada. Ɗan koyo ba shi da gwaninta, a rage masa a nan, babu laifi. Amma guminsa ba na koyo ba ne. Gungumen da ya ɗauka nauyinsa ɗaya da wanda gwani zai ɗauka. Kasadarsa ma ba ta koyo ba ce. In ya faɗo daga saman dogon yaro, ƙasa ba za ta tausaya masa don sabon shiga ne ba, maɗori kuma ba shi da farashin 'yan koyo. Ƙafar ɗalibi da ta malami kuɗin ɗauri ɗaya ne. Da wace hujja za a yi rangwame a kan abin da shi kansa ba ya karɓar rangwame?

Wani zai ce: ai ba a tilasta shi ba, shi ya zo da ƙafarsa, ya ga abin da ake bayarwa ya karɓa. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowacce kama da gaskiya, don haka ta fi buƙatar a juya ta. Yarda tana da daraja ne in mai yardar yana da ikon cewa a'a. A shekarun nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Maradun, Bakura da Mafara, samarin da da suna gonar iyayensu sun kwararo cikin gari, kowa na neman abin da zai kai bakin salati. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka yanke layukan waya a jihar, ƙananan sana'o'i da yawa suka durƙushe. Yaron da ya baro gonarsa bai gudo don sha'awar hawa bishiya ba. In mutum goma na jiran igiya ɗaya, farashin mai riƙe ta zai faɗi ƙasa warwas, amma nauyin reshen bai ragu da ko kilo ɗaya ba. Kasuwa tana gaya mana mafi ƙarancin abin da mayunwaci zai karɓa. Ba ta gaya mana abin da aikinsa ya cancanta. Wanda ya ɗauki na farkon a matsayin na biyun, yunwar yaron ya ci riba da ita.

Mu a Zamfara, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, bai kamata wannan ya zama baƙon zance ba. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, kuma daga cikin sharuɗɗan da suka kafa akwai cewa ladan ya zama sananne tun kafin a fara, aikin ma ya zama sananne. Ko a ƙissar Annabi Musa (A.S.) da dattijon Madyana, sai da aka ambaci adadin shekarun aiki, takwas, in ya cika goma kuwa ganin damarsa ne. Hadisin da ya yi umarni da a sallami ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe kowane ɗan Islamiyya ya haddace shi. Akwai kuma wanda ya fi shi tsoratarwa a cikin Buhari, inda aka lissafa mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin shari'arsu ranar gobe, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ƙoshi da aikinsa, sannan ya hana shi ladansa. To yanzu a auna wannan da kalmomin da muke ɗaukar yara aiki da su: "Zo mu je, ba za ka rasa na sabulu ba." "In an gama zan san abin da zan yi maka." Wannan ba lada ba ne, ihsani ne, kuma bambancinsu babba ne. Lada haƙƙi ne, in an tauye ka tambaya. Ihsani kuwa sai godiya; in ka ƙirga a gaban mai bayarwa ka zama mara kunya. Dabarar da aka daɗe ana yi wa na ƙasa ke nan: a ɗauki haƙƙinsa a sa masa rigar kyauta, don ya ji nauyin buɗe baki.

Sai batun "koyo" ɗin kansa. Ban ƙi a ce ilmin da ake ba yaro wani ɓangare ne na ladansa ba. Amma bashi ne da ya kamata a san ranar gama biyansa. A Ingila, inda wannan sana'a take da takardun shaida har ana kiran masu ita likitocin bishiya, doka ta yarda a biya ɗan koyo ƙasa da saura: a Afrilun 2025 an sa fam 7.55 a awa ga ɗan koyo, fam 12.21 ga mai shekara 21 zuwa sama. Sai dai wannan ragin na wanda bai kai shekara 19 ba ne, ko wanda ke shekararsa ta farko a koyo. Da ya wuce nan, dole a koma biyansa cikakken na sa'o'insa. Kuma ƙa'idar aikin a can ita ce ba a hawa sai akwai wani a wurin da aka horar da shi ya hau ya sauko da mai hawa in ya ji rauni. Ka ga ke nan sun gane na ƙasa ba ɗan rakiya ba ne. Ban kawo wannan don in ce mu zama Turawa ba; igiyarsu ɗaya ta fi kuɗin jingar wata guda a Bakura. Abin ɗauka shi ne wa'adin. A wurinmu tela da bakanike ma suna da ranar yaye yaro. Amma a gindin bishiya za ka ga saurayi ya yi damina huɗu yana hawa, shi ake turawa aikin da ubangida ke jin tsoro, har an fara kiran sunansa in za a ba da aiki, amma ranar rabo sai a tuna ashe "yaro" ne.

Dokar ƙasa fa? Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata, wanda in ka raba a kwanakin aiki 26 zai kama kusan naira 2,700 a yini. Amma dokar ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin jinga da na lokaci-lokaci. Dokar biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni ta 2010 tana nan a takarda, amma kafin ta amfani mutum sai ubangidansa ya yi rajista yana zuba kaso. Wane mai inji ɗaya da yara uku ne zai yi? Saboda haka babu sufeto, babu ƙungiya, babu kotun da za ta zo gindin dogon yaro. Abin da ya rage tsakanin yaron nan da zalunci shi ne imanin mutum biyu: ubangidansa, da maigidan da ya ba da aikin.

Abin da ke ɗaure mani kai shi ne, ba mutanen da suka fi na wannan yanki sanin cewa bishiya tana da farashi. Lokacin da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, an tashi dubban iyalai, an baje gonaki don shimfiɗa hanyoyin ruwa, an tumɓuke itatuwan amfani. Rigimar diyya, ta gonaki da amfanin da aka rasa da itatuwan nan, ita ta kai manoma ga tare hanyoyi, har ranar 28 ga Afrilu, 1980 'yan sanda suka buɗe masu wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Wasu majiyoyi sun ce sun haura 380. Iyayenmu sun tsaya a gaban bindiga domin sun ƙi yarda mai ƙarfi ya yanka wa abinsu kuɗi shi kaɗai, ya ce su karɓa su yi godiya. Jikokinsu ne yau ke riƙe igiya, kuma wanda ke yanka masu kuɗi shi kaɗai ba daga Italiya ya zo ba.

Kada 'yan fim su karanta wannan suna girgiza kai kamar zancen wasu ne. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshan ya ga namu na ƙasan: yaron da ke ɗaga sandar makirfo har kafaɗarsa ta sage, mai jan wayar janareto, mai hawa katanga ya rataya fitila kusa da wayar wuta, sabuwar 'yar wasan da ta yini a rana don fitowa ɗaya aka ce da ita "ai suna za ki yi." Suna shi ne namu "koyon." Na taɓa ganin an tashi aiki ƙarfe ɗayan dare, jarumi ya shiga mota, yaran fitila na tambayar juna wa ke da kuɗin acaɓa. A Indiya ma haka abin ya daɗe. Duk mai son Sholay na 1975 yana tuna Basanti a kan keken dokinta 'yan fashi na bin ta. Hema Malini aka tafa wa, amma a wuraren haɗarin Reshma Pathan ce a kan keken, har ta ji rauni a wurin ɗauka, kuma sai a 2019 aka yi fim a kan rayuwarta. A Amurka, masu ba da kyautar Oscar sai a Afrilun 2025 suka sanar da cewa za su ware kyauta ga masu tsara faɗa da tsalle-tsallen kasada, kuma ba za a fara ba da ita ba sai a biki na 100, cikin 2028. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ba Bahaushe kaɗai ya san ta ba. Marubutanmu da suka sha sayar da littafi ga ɗan kasuwa a kan "sai an sayar" su ma ba sai an yi masu fassara ba.

Saura maigida, wato ni da kai. Mu ne muka iya ciniki. Mai inji ya ce dubu ashirin, mu ce takwas, mu rantse, mu juya baya kamar za mu kira wani, har ya sallama a sha biyu, mu shiga gida muna jin mun yi wayo. Alhali kuɗin fetur ba zai ragu ba, na sarƙa ba zai ragu ba, ubangida kuma ba zai koma gida hannu rabbana ba. Daga aljihun wa dubu takwas ɗin nan ta fito? Mun sani, mun dai ƙi dubawa ne, tunda ba da yaron muka yi magana ba. Wasu za su ce alhakin na wanda ya ɗauke shi ne. A shari'ance wataƙila haka ne. Amma kwanonka aka tsare, 'ya'yanka aka kore daga ƙarƙashin reshe, kuma a tsakar gidanka jinin zai zuba in igiya ta tsinke.

Abin da nake ganin ya isa a kira adalci a nan bai kai tsadar da ake tsoro ba. A faɗa wa kowane yaro adadinsa kafin ya taɓa igiya, a gaban mai ba da aiki. In ice ne ladan, a ce ga kason na ƙasa a cikinsa, ko ƙirare da ƙananan rassa su zama nasu su sayar. Duk wanda ƙafarsa ta bar ƙasa, gwani ne ko ɗan koyo, a sa masa kuɗin hawa dabam da na yini. A yanka wa koyo wa'adi, damina biyu ko uku, bayan nan a kira shi abokin aiki ko a yaye shi. Sannan a yi magana tun da safe, ba bayan an ji ƙarar faɗuwa ba, a kan wa zai biya asibiti: ubangida, maigida, ko su biyun.

Wannan na ƙarshen shi zai fi wuya, domin da ka ɗauko shi za a ce kana yi wa yaro mugun baki, a ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, ba ya wucewa. Amma mai injin da ke faɗar haka, kafin ya tayar da injinsa sai ya duba sarƙa, ya duba mai, ya kuma tabbatar akwai wata sarƙar a buhu ko da wannan za ta tsinke.